Filin Yaƙin da Ya Tsiro da Shinkafa

Wallahi ko na tsufa na koma dogara sanda, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga buhu na tarar filin yaƙina ya koma gonar shinkafa ba. Shekara uku ke nan da yin abin, amma har gobe in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai cikin keke, fasinjoji su riƙa matsawa gefe suna zaton na zautu.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar horon malamai, ɓangaren Tarihi, ina zaune Gwadangaji wurin yayana. Akwai wani kwas da ake koya mana yadda malami zai haɗa kayan koyarwa da hannunsa, da abin da ya samu a kusa. Lakcaran kwas ɗin wani dogo ne marar dariya, kullum da rula ta ƙarfe a aljihun gaba kamar yadda wasu ke soka biro. Tes ɗinsa na farko na kwashi kashina a hannu, kada ma ku tambaye ni nawa na ci. Sai ya kira ni gaban aji ya ce abin da ya rage mini ɗaya ne, aikin hannu na ƙarshen zango. In na faɗi shi, na faɗi kwas ɗin, kuma ba zan fita koyarwar gwaji tare da 'yan ajinmu ba, sai baɗi.

To ni kuwa an riga an tura sunana Argungu, garinmu. Kakata ta gama zagaye unguwa tana faɗa wa mata cewa angonta zai dawo gida yana malami. Ku duba girman kunyar da ke jirana.

Aka rubuta ayyuka a 'yan takardu, aka zuba cikin hula, kowane mutum biyu su ɗauki ɗaya. Wasu suka samu ganuwa, wasu kasuwar ƙauye, wasu kwalekwale. Ni na zura hannu da ƙarfin hali na zaro: ramukan da sojoji suka yi yaƙi a ciki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Za mu gina su 'yan ƙanana a kan katako, da sojoji da komai. Abokin aikina wani ustazu ne ɗan Gesse, shiru-shiru, mai tsari, irin mutanen da ke goge hankici. Ya karanta takardar, ya dube ni ya ce, "Kai Bakabe, cikin takardu ashirin, kabari ka ɗauko mana?"

Malam ya zaro rularsa ya buga a tebur. Ya ce sharaɗi guda ne, ma'auni. Duk abin da za mu sa, mu rage girmansa sau talatin da biyar. Ke nan soja mai tsayina zai dawo kamar ƙaramin yatsana, kuma rami da buhu da bindiga duk su bi wannan lissafi. Ya ce, "Wanda ya kawo mini sojan da ya fi gidansa girma, zai gamu da ni."

Da farko don tsoro na fara bincike, daga baya abin ya kama ni. Datata ta ƙare sau ba adadi a kan tsofaffin hotuna marasa kala. Na ga ramin bai miƙe ba, lanƙwasa ne bayan lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Na ce me ya sa? Ashe don in bam ya faɗa wani sashe kada wutarsa ta share layin gaba ɗaya, kuma in abokin gaba ya diro ciki kada ya samu miƙaƙƙen wurin harbi. Na ga katakai shimfiɗe a ƙasan ramin, ashe ruwa ne ke kwanciya har ƙafafun mutane su ruɓe cikin takalmi. Na ga ɗan dakalin da suke takawa su leƙa waje. Kowace amsa sai ta haifo mini tambaya uku. Ina cin abinci ina latsa waya, ina tafiya ina latsawa, na taɓa wuce layinmu da kabu-kabu ban sani ba.

Muka fara aiki a zauren gidansu ustaz. Waya mai ƙaya muka yi ta da zaren jan ƙarfe na matacciyar caja, muna murɗawa muna ƙulla 'yan ƙayoyi. Katakan ƙasan rami, tsinken tsire ne, kuma sai da muka ci tsiren tukuna, don aikin ilimi yana son sadaukarwa. Sojoji da sabulun wanki muka sassaƙa su. Hular kwano kuwa, nan na nuna musu ni ƙwaro ne: kun san 'yan kumburin ledar da ƙwayar magani ke zama ciki? Su na yanko na shafa musu fenti. Ustaz ya auna da rula, ya sake aunawa, ya ce, "Allah mai iko. Ashe kanka na ja."

Ƙasa ce ta ba mu ruwa. Mun kwaɓa jar ƙasar bayan gidansu mun gina ramuka tsaf, ga zafin bazara, kwana biyu kacal komai ya tsattsage kamar fason diddige. Bangon rami ya rufto ya binne mana sojoji huɗu tun ba a fara yaƙin ba. Ustaz ya zauna ya yi tagumi. Ni kuwa sai murhun kakata ya faɗo mini a rai. Sana'arta gumi, wato ta dafa shinkafa da ɓawonta, ta shanya, a kai inji. Murhun da take ɗora tukunyar da hannunta take gina shi da laka, yana shan wuta shekara guda bai tsage ba. Ranar Asabar na hau mota sai Argungu.

Na tarar da ita tsakar gida tana juya shinkafa a shanya da ƙafa. Tana ganina ta ce, "A'a, ango! Ka zo hannu biyu ko ka zo da yunwa kamar kullum?"

Na ce, "Amarya, yau ilimi na zo saye."

"To ka taho da kuɗin sadaki, don na gaji da auren bashi."

Na zauna kan turmi na buɗe mata hotunan. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska, ta ƙanƙance ido. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mi sunka yi anka saka su rami da ransu?" Na ce su suka haƙa da kansu, a ciki suke kwana suke tashi, wata da watanni. Ta ce, "Ina suke kewayawa?" Na ce akwai wurin da suka ware. "Wa ka dahwa musu?" Na ce daga baya ake kawowa. Ta girgiza kai, ta sa yatsa a kan wani hoto inda ruwa ya kwanta cikin ramukan da bama-bamai suka haƙa, ba ciyawa ko ɗaya, sai kututturan itace baƙi ƙirin.

Ta ce, "Gonar wa ta?"

Na fashe da dariya. "Kaka, wace gona kuma? Filin yaƙi ne."

"Kahin yaƙin hwa? Dubi yadda ƙasar ga ta riƙe ruwa. Wagga ba ƙasar banza ba ta, ango. Ƙasa irin wagga ba a barin ta haka nan. Akwai mai ita."

Na ce to, na ji, mu koma maganar murhu. Ni a lokacin gani nake tsohuwa ce kawai, komai ta gani sai ta kai shi gona. Ta ce in je bakin fadama in ɗebo baƙar laka, in haɗa da yashi kaɗan da ɓuntun shinkafa, in tattake da kyau. In na gama gini kada in bari rana ta gan shi, in rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ana yayyafa ruwa safe da yamma, ya bushe a hankali. Daidai nan saƙo ya shigo guruf ɗin ajinmu, ana musu a kan ƙwallo, kuma wani ya zagi kulob ɗina. Yatsuna suka kama aiki. Ina jin muryarta sama-sama tana cewa, "…na bakin ƙofa hwa, ba na gindin rumbu ba. Ka jiya?" Na ce, "Awo, awo, na ji," ko ɗago kai ban yi ba.

Da zan tafi na ga tsibin ɓuntu biyu. Na bakin ƙofa ya yi duhu-duhu, kaji sun tattaka shi. Na gindin rumbu kuwa fari tas, mai tsabta, har yana ƙyalli. Kun san wanda na ɗiba. Abin da ban tsaya na ji ba shi ne, na bakin ƙofar ɓuntun gumi ne, ya sha wuta, ba abin da ke da rai a cikinsa. Na gindin rumbun kuwa ƙaiƙayin ɗanyar shinkafa ne da ta sheƙe don iri, cike yake da ƙwayoyin da iska ta kwashe. Ni ɗan Argungu guda, wanda aka yaye da tuwon shinkafa, na cika leda da iri ina murna na zaɓi mai kyau.

Ginin na biyu ya yi kyau ba ƙarya. Laka ta kama, bango ya tsaya, muka lanƙwasa ramuka biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu fili mai ramukan bam da waya mai ƙaya. Muka ƙona 'yan rassa muka kafa. Muka jera buhunan yashi da muka mulmula kamar ƙwayar wake. Muka yi wa abin rumfa da kara don kada buhu ya danne sojoji, muka rufe. Saura kwana goma sha ɗaya a kai wa Malam. Sai ga kira daga garin Augie, babban wanmu zai cire albasa yana neman hannu. Na bar wa ustaz amana: safe da yamma, ruwa, kada ka ɗaga buhun iska ta shiga.

Da wani na bar wa, da ya manta rabin kwanakin, da ƙila abin bai kai haka ba. Amma ustaz ne. Bayan Asuba ruwa, bayan La'asar ruwa, bai tsallake ko sau ɗaya ba, kuma bai ɗaga buhun ba tunda na ce kada ya ɗaga.

Rana ta tara ina tsugune cikin albasa waya ta yi ƙara. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Bakabe, buhunka ya fara gemu."

"Gemu kamar yaya?"

"Kore. Yana fitowa ta ramukan saƙar. Ni dai ban taɓa komai ba."

Washegari da hantsi ina zaurensu. Na kama bakin buhun na ɗaga a hankali, yana turjewa don ganye ya sarƙe shi. Jama'a! Ba fili, ba waya mai ƙaya, ba kututture. Shinkafa ce tsaye cif, kore shar daga wannan gefe zuwa wancan, har cikin ramukan. Sojojina na tsaye a ƙarƙashinta da bindigoginsu kamar waɗanda suka ɓace a daji. Wani ma tsiro ya ɗaga masa hula sama ya tafi da ita.

Ustaz ya matso. Ya ɗauko rula, ya auna ganye ɗaya, ya yi lissafi a tafin hannu. Ya ce, "A ma'aunin Malam, wannan shinkafar ta fi soron gidanmu tsawo."

Na so in yi dariya, sai na tuna. Gobe ne ranar kai wa Malam. Na hango 'yan ajinmu sun tafi koyarwa an bar ni ina zaman aji da ƙannena, na hango kakata tana bin gidajen da ta yi shela tana janye maganarta. Na sa hannu na tuge tsiro ɗaya don in gwada, sai ya taso da ɓangaren laka kamar rabin ƙosai, da buhunan yashi uku manne. Na ce na shiga uku.

Na kira matar kawuna ta bidiyo, na ce don Allah a miƙa wa Kaka. Na juya mata kyamara. Ta saki wata dariya har da tari, ina jin mata na tambaya mi ya faru. Da ƙyar ta ce, "Ango! Anka kai ka boko ka zan malami, ka dawo muna manomi! Wane tsibi ka ɗiba?"

Na ce na gindin rumbu.

"Ban ce maka na bakin ƙofa ba? Ina kunnenka ya tahi? Yana cikin wanga abin da kake dannawa!"

Na ce, "Kaka, na tuba. Yanzu ya zan yi? In cire?"

"Kul! Kak ka tuge. Saiwar ta riga ta kama lakar, ita ta riƙe maka ginin. Duba ka gani, ya tsage?" Na duba. Wallahi ko tsaga ɗaya babu. Ta ce, "To ka gani. Abin da bai yi maka ba ka yanke daga bisa. Kuma ai na hwaɗa maka gona ta, kai ka yi gardama."

Na ajiye waya, maganarta ta ƙarshe tana yi mini yawo a ka. Na ce wa ustaz ya ba ni minti goma. Na shiga bincike, wannan karon ba yadda ake yaƙin nake nema ba, sai abin da ke wurin kafin yaƙin. Sai ga shi. Gonaki ne. Alkama, gwoza irin tasu, makiyaya, ƙauyuka. Mutane ne suka kwashe 'ya'yansu suka gudu suka bar amfani a tsaye. Har yanzu manoman can Turai in suna huɗa, garma kan tono musu tsofaffin bama-bamai. Sati uku ina haddace zurfin rami da tsawon bindiga, ban taɓa tambayar me ke wurin a da ba, tsohuwar da ba ta san ko sunan ƙasar ba ta gano da kallo ɗaya.

Na ce, "Ustaz, hatsin da ya kai ƙugun mutum, nawa ne a ma'auninmu?" Ya lissafa, ya nuna mini a rula, bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Na ce a samo almakashi.

Yinin ranar aski muka yi. Tsakanin ramukan biyu muka yi wa shinkafa ƙwal-kwabo, muka shafe da sabuwar laka da toka, filin ya koma baƙi kamar na hoto. Cikin ramuka muka bi da abin yanke farce ɗaya bayan ɗaya. Amma kusurwa guda, can bayan layin sojoji, muka bar ta kore, muka daidaita mata tsawo da rula, layi-layi. Ramin ya ratso ta gefenta ya yanke ta biyu. Ustaz, wanda ban taɓa ganin ya ƙirƙiro komai ba tare da an ce ya yi ba, ya ɗauki tsinke da guntun gwangwani ya haɗa 'yar garma, ya kwantar da ita a bakin gonar kamar wadda aka yar aka ruga. Muka tsaya muna kallo.

Ranar gabatarwa muka ɗauko shi cikin keke, muna roƙon mai keken ya bi rami a hankali. Malam ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. Ya zaro rula. Soja, daidai. Zurfin rami, daidai. Buhun yashi, daidai. Ya zo kan kusurwar kore ya auna, ya ɗaga gira.

"Wannan fa?"

"Gona ce, Malam. Alkama."

Ya sa yatsu biyu ya zaro tsiro ɗaya daga gefe, ya ɗaga shi sama. Ga ɓawon shinkafa maƙale a gindinsa, kowa na gani. Ya ce, "Ni za ka nuna wa alkama? A fadama aka haife ni."

Aji ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce, "'Yar Argungu ce ta je Turai!" Na ga ƙarya ba za ta fisshe ni ba, sai na zayyana masa komai: murhun Kaka, tsibi biyu, musun ƙwallo, gemun buhu. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Na ji kuskure ne. To me ya sa ba ku aske duka ba? Me ɗalibi zai koya daga wannan kusurwar?"

Na ce, "Malam, da na nuna wa kakata hoton filin nan, ba ta tambaye ni wa ya ci yaƙin ba. Cewa ta yi gonar wa ce. Na yi mata dariya. Da na bincika sai na tarar gona ce. In na kai wannan ajin da 'ya'yan manoma ke zaune, ba lalle su gane faɗan sarakunan Turai ba, amma kowannensu ya san abin da ake nufi a ce an haƙa rami a tsakiyar gonar babansa ana saura wata guda girbi."

Malam ya dubi 'yar garmar nan ya daɗe. Sannan ya mayar da tsiron inda ya ciro shi, ya danna gindinsa da babban yatsa yadda ake dashe. Ya rubuta abu a takardarsa ya ce, "Na rage muku maki saboda shinkafa ba ta fita a can. Sauran kun ci. Kai kuma, rabin naka na kakarka ne, ka kai mata."

Ihun da na yi a bakin ajin nan sai da masu gadi suka leƙo. Na rungume ustaz na ɗaga shi sama yana cewa, "Sauke ni, Bakabe, kana warin albasa!"

Na tafi koyarwa Argungu tare da kowa, da katakon a kan cinyata cikin mota. Gida na fara kai shi. Kaka ta tsuguna, ta wuce sojojin ko kallo ba su ishe ta ba, ta shafa kusurwar kore da bayan hannu ta ce, "Ka cika iri, ta yi kauri. Amma ta kai dashe." Na ce mata Malam ya ce rabin makin nata ne. Ta ce, "Ana cin shi da miya?"

Shinkafar ta bushe daga baya, sojojin sabulu kuma wanki ya ci su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mini biyu ne. In babba na magana, yanzu kifa wayata nake yi, ko da kulob ɗina ake zagi. Sannan duk hoton tarihin da aka nuna mini, ko na yaƙi ne ko na wani gari da ya zama kufai, kafin in tambayi wa ya yi nasara, sai na ji muryar tsohuwar nan tana tambayata gonar wa ta.